Rigar Anti da Na Wanke

A garinmu, can ƙasar Jos, kayan mamaci ba sa fita daga gida da dauɗa, ko da tsumma ne. Da aka gama zaman makokin mahaifiyata, matan zumunta na cocinmu suka zo da bokitai da sabulu, aka fito da zannuwanta da rigunanta tsakar gida, aka wanke aka shanya. Wadda ta yage aka ɗinke, wadda maɓalli ya fita aka mayar, aka yi guga, sannan aka raba wa dangi da mabukata. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini dalili. Na tashi na ga ana yi, na kuma gane da kaina cewa wanda ya mutu ba shi da hannun rufe kansa, sai waɗanda suka rage su rufa masa asiri. Da wannan tarbiyya na zo Amurka, ita ce kuma ta jefa ni cikin abin da har yau in na tuna shi zuciyata take tashi.

Ni tela ce. Shekara da shekaru ina zaune a bayan wani shagon wanki da guga a Alexandria, kusa da Washington, ina rage wa 'yan kwangilar gwamnati tsawon wando, ina ƙara musu faɗin ƙugu duk bayan Kirsimeti, su kuma suna rantse mini wandon ne ya tsuke. Gidanmu yana can saman wani dogon bene, ni da 'yata tilo, wadda a nan ta girma; tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayar da amsa. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwar Baturiya ce.

Ranar da na fara ganin matar nan ban so ta ba ko kaɗan. Tsohuwa da ita, da takalmin soja, an aske gefen kai, ɗan gashin da ya rage an rina shi kore, tana tsaye tana zagin lifta, na'urar hawa bene, da wata murya a dushe saboda ta daɗe ba ta sauko ba. Na gaishe ta yadda aka koya mini, na ɗan rusuna na ce ina kwana Anti. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ba antin kowa ba ce, kuma in daina durƙusa wa mutane kafin gwiwata ta lalace. Na ce a raina, wannan ko tarbiyya ta zo wucewa ta gabanta ba za ta gane ta ba. Washegari na sake ce mata Anti don kawai in ba ta haushi, haka sunan ya zauna har ta mutu.

Gwate ne ya haɗa mu. Wata Asabar ina dafa gwaten acca da yakuwa da daddawa, sai na ji ana buga ƙofa. Na ɗauka irin maƙwabtan nan ne masu zuwa ƙorafin wari, har na shirya amsata. Ina buɗewa na gan ta da kwano a hannu, ko kunya babu, ta ce ba ta san me nake dafawa ba amma tana so. Daga nan ta zama ta gida. Takan zauna a falona ina ɗinki, ta ɗora takalman nan a kan teburina, tana yi wa masu karanta labarai a talabijin baƙar magana ɗaya bayan ɗaya. Abin da na sani game da ita shi ne ta yi ritaya daga aikin amsa waya a asibitin dabbobi, ba ta da miji ba ta da ɗa, kuma ba ta iya dafa ko ƙwai ba.

'Yata ce ta tona mini sauran. Ta dawo hutu daga jami'a, ta shigo ta tarar da Anti tana suɗe kwano da yatsa, sai ta tsaya cak a bakin ƙofa, jakarta ta zame daga kafaɗa. Da Anti ta tashi ta tafi, sai 'yata ta juyo wurina.

"Momi, kin san wace ce wannan?"

"Anti ce, mai cinye mini gwate."

Sai ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Tun kafin a haife ta, a cikin Washington ɗin nan, akwai wani irin kiɗa da suke kira punk. Samari ne ke taruwa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da jita da ganga, suna ihun fushinsu a kan gwamnati da iyaye da komai. Mata kuwa aikinsu su tsaya a baya su riƙe wa samarin riguna. Anti tana cikin na farko da suka ƙi tsayawa a bayan, ta hau dandamali ta karɓi makirufo. 'Yata ta ce duk wata yarinya da ka gani yau a garin nan ta rataya jita, ko ta sani ko ba ta sani ba, ta hanyar da matar nan ta share take tafiya. Ta ciro waya ta nuna mini wani tsohon bidiyo.

Ni mai waƙa ce. Ni nake ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu da ke Largo, na san abin da ake kira murya. Abin da na gani a wayar nan ba waƙa ba ne. Ɗaki ne mai duhu cike da samari ba riga, suna ture juna kamar awaki a bayan mota. A gabansu wata siririyar yarinya sanye da doguwar riga irin ta zuwa coci, an yayyaga ta an maƙale da fil, tana riƙe da makirufo da hannu biyu tana kurma ihu har jijiyar wuyanta ta fito. 'Yata ta ce cewa take yi jikinta nata ne, kuma ba za ta yi murmushi don wani ya ji daɗi ba. Ni dai ban ji kalma ko ɗaya ba. Abin da na gani shi ne ana watsa mata giya, wasu suna tofa mata yawu, sai kuma wata kwalba ta taso daga cikin taron ta same ta a goshi. Jini ya gangaro har ƙirjin rigar. Ta share da bayan hannu ta ci gaba da ihunta. Na miƙa wa 'yata wayarta, ranar ban iya cin abinci ba.

Da Anti ta sake shigowa na kasa haƙuri. Na ce, "Anti, mahaifiyarki tana da rai lokacin da kike wannan abu?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta samu numfashi ta ce, "Tana da rai mana. Ita ta ɗinka rigar." 

Tarin nan shi ya tafi da ita. Ya ɗauki watanni yana cin ta a hankali. Wani tsoho mai sanda, wanda ya taɓa buga mata ganga, ya zo sau ɗaya ko biyu, ya zauna ya yi kuka ya tafi. Ban da shi ban ga ƙeyar kowa ba. Ni nake canja mata zanen gado kafin in tafi shago, 'yata kuma in ta zo ƙarshen mako ta wanke mata kai. Koren ya koɗe, furfura ta fito fara tas, har na ce mata yanzu ta fara kama da mutanen kirki, ta ɗaga mini yatsan tsakiya, irin zagin Turawa, da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ta rasu a asibiti da rana tsaka, lokacin da itatuwan garin suka yi fure baƙi suka cika tituna suna ɗaukar hoto.

Kafin a binne ta sai ga shi ta haifi 'ya'ya ba adadi. Rediyo Anti, jarida Anti, waya Anti. Manyan mawaƙa suna fitowa suna cewa ita ce uwarsu, ba don ita ba da ba su buɗe baki ba. Matasa suka riƙa zuwa ƙofar benenmu suna ajiye furanni da gwangwanin giya da karan sigari, wai girmamawa ce, mai shara yana kwashewa yana tsaki. Wata rana a tashar jirgin ƙasa na ga fuskarta, da jinin da komai, an buga a ƙirjin rigar wani saurayi yana cin soyayyen dankali, maiƙo yana ɗiga a kan goshinta. Na kau da kai na koma can ƙarshen dandamalin na tsaya.

Ɗiyar ɗan'uwan Anti ce ta zo daga wata jiha mai nisa ta kwashe kayan gidan. Mace mai ladabi, amma a gaggauce take. Da za ta tafi ta kawo mini wata baƙar leda a ɗaure. Ta ce akwai wani zauren baje koli a Washington da ke shirya nunin tarihin kiɗan nan, rigar Anti ce za ta kasance a tsakiyar zauren, wata mata za ta zo ta karɓa a mako mai zuwa, don Allah in ajiye in miƙa mata. Na ji daɗi har raina. Ko ba na son ihun, ina son mai ihun, kuma ina so a tuna da ita.

Da na kwance ledar sai da na ja da baya na buɗe taga. Warin tsohon gumi da hayaƙi da giya da ruma, duk sun haɗu sun kwanta a cikin yadin shekara da shekaru. Na ɗaga rigar da yatsa biyu. Ruwan madara ce a da, da ƙananan furanni shuɗaye, amma ta koma kalar tsumman goge murhu. Tsaga ɗaya ta taso daga kafaɗa har ciki, wasu a baya, wasu a cinya, duk an maƙale su da fil irin wanda ake ɗaure wa jariri nafkin, sun yi tsatsa sun ci yadin. A ƙirji ga jinin nan, ya bushe ya yi baƙi ya sandare. Na ce wannan za a kafa a tsakiyar gari, kowane ɗan iska ya zo ya leƙa? Matar da na wanke wa jiki da hannuna, a ce abin da za a nuna nata shi ne ƙazantar da wasu suka tofa mata? Ban yi shawara da kowa ba, domin a wurina ba abin shawara ba ne. Na tara ruwa a baho.

Na jiƙa ta da ruwan sanyi da gishiri, na zubar, na sake jiƙawa. Ruwan farko kamar na kwata. Na cire fil ɗin ɗaya bayan ɗaya na watsa a shara. Na matsa lemon tsami a wuraren tsatsa na shanya a baranda rana ta bugi wurin. Jinin ya ba ni wahala, sai da fatar yatsuna ta saɓule, amma ya fita.

Da ta bushe na juya ta ciki waje don in ga ta inda zan fara, sai idona ya sauka a kan ɗinkin. Ɗinkin hannu ne tun daga wuya har kalmasa, ƙanana, a jere, babu wanda ya fi wani tsawo. Kowane hujin maɓalli an zagaye shi da zare cikin haƙuri. Tela ta san hannun tela. Na ga mahaifiyar Anti a raina, zaune kusa da taga da tabarau, tana ɗinka wa 'yarta rigar da za ta shiga mutane da ita. Na kuma lura da wani abu. Duk tsagar da ke jikin rigar a tsakiyar yadi take, babu ko ɗaya da ta ratsa ɗinkin uwar. Wadda ta yaga rigar nan cikin fushi ta san inda ta tsayar da hannunta. Na ɗauki wannan a matsayin izini.

Kwanaki na yi ina aikin bayan na taso daga shago. Ban sa ta a keke ba, da hannu na bi, don kada ɗinkina ya ji kunya kusa da na uwar. Inda tsatsa ta cinye yadi na yanko ƙyalle daga cikin kalmasa na yi faci, na daidaita fure da fure. Na sa sitaci kaɗan na goge. Da na rataye ta a ƙofar ɗaki na koma na zauna ina kallo, hawaye ya zubo mini. Tunda nake ɗinki ban taɓa yin aikin da ya kai wannan ba.

Matar zauren ta zo ranar da aka ce. Yarinya ce mai tabarau, ba ta girmi 'yata da yawa ba, ɗauke da wani faffaɗan kwali da farar takarda a ciki. Na ba ta wurin zama, na shiga na fito da rigar a kan hannuwana biyu.

Ta yi murmushi ta ce, "Kyakkyawa ce. Amma ɗayar na zo karɓa, wadda ta yage, mai jini."

"Ita ce wannan. Na wanke ta na gyara."

Ta daɗe tana kallon rigar. Sai ta sulale daga kan kujera ta zauna a ƙasa, ta cire tabarau ta rufe fuska da hannu. Da ta ɗago, tambayar farko da ta yi mini ita ce ina fil ɗin. Na ce mai shara ya tafi da su. Ta tambaya ko akwai wani ƙyalle da na goge jinin da shi wanda ban wanke ba tukuna. Na dube ta da kyau don in tabbatar da gaske take.

Na ce, "'Yata, jininta kike nema? Da kin zo watannin baya ai da kin samu. Kullum da safe yana kan matashin kanta."

Ta ce ta nemi zuwa, ba sau ɗaya ba, Anti ce ta ce kada wanda ya taka mata ƙofa. Wannan kam na yarda, halin Anti ne sak. Amma bai rage mini ƙyamar tambayar ba.

Sai ta gaya mini abin da ban sani ba. Nunin nan kusan duka kayan maza ne, jitarsu da gangunansu da hotunansu. Ita ce ta yi ta faɗa da masu zauren har suka yarda a ba mace tsakiya, kuma saboda rigar nan kawai suka yarda, domin kowa ya san hoton da aka ɗauke ta sanye da ita. In babu tsaga babu jini, a wurinsu rigar kowace tsohuwa ce. Za su mayar da jitar wani namiji tsakiya, Anti kuma ta koma ɗan ƙaramin hoto a jikin bango kusa da ƙofar fita. Ta tashi ta tafi da kwalinta babu komai a ciki.

Ranar Asabar 'yata ta zo daga Germantown, inda take aiki a lokacin. Na nuna mata rigar ina jiran ta goya mini baya. Ta dafe baki.

"Momi, da hannunta fa ta yaga ta."

"Na sani. Yarinta ce. Yanzu kuma ta mutu."

Ta zauna a bakin gado ta ce in saurare ta. Ta ce lokacin da take sakandare kowa yana da yadda yake so ta zama. A gida ni ina cewa ta rage murya ta sunkuyar da kai, a makaranta ana cewa ta gyara gashinta ta riƙa fara'a don kada a ji tsoronta. Hoton rigar nan ta liƙa a cikin akwatin ajiyar littattafanta, in abin ya ishe ta sai ta buɗe ta kalla. "Ke tsiraici kika gani," in ji ta. "Ni mace na gani da ta ƙi yarda a ninke ta a ajiye."

Na ce, "A garinmu mahaukaciya kaɗai ke yawo da tsumma. Ita ma ran da ta mutu ana neman farin yadi a rufe ta."

"An rufe Anti, Momi. Muna wurin. Wannan riga ce, ba gawa ba."

Haushi ya ƙara kama ni. Na shiga kicin na yi ta buga tukwane. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san Anti. Da za a tashe ta a tambaye ta, tsakanin tsakiyar zaure da tsumma da kuma bayan ƙofa da sitaci, ko numfashi ba za ta ja ba kafin ta zaɓa. Ta yi yaƙi da ƙuruciyarta don kada a tura ta baya, ga shi ni da na fi kowa sonta na zo da sabulu na tura ta.

Bayan kwana biyu mai tabarau ta kira ni. Ta ce suna da wanda zai iya warware ɗinkina yana bin tsofaffin hotuna, amma tunda ni na san inda allurata ta bi, ko zan zo in yi da kaina. Na yi tunanin rezar wani baƙo tana yawo kusa da ɗinkin uwar nan. Na ce zan zo.

Na ninke rigar a cikin sabon zane na shiga jirgin ƙasa zuwa Washington. A wani ɗaki na bayan zauren aka shimfiɗa ta a kan dogon tebur. Kafin in taɓa ta sai aka miƙo mini farar safar hannu, wai kada gumin hannuna ya ɓata kayan tarihi. Rigar da na cuɗa har yatsuna suka saɓule. Na saka, domin in na buɗe baki a lokacin ban san abin da zai fito ba.

Na fara daga cinya na hau sama. Kowane zare na tsinke, yadin sai ya buɗe baki. Na ɓamɓare facin da na daidaita fure da fure. Tsagar ƙirji na bari ƙarshe, na daɗe da reza a hannu kafin in sa mata. Ban taɓa jin ƙyamar hannuna irin ta ranar ba.

Ina tsammanin an gama ke nan. Ashe da saura. Wani mutum mai gemu, wanda ke shirya kayan nunin, ya shigo da kwano cike da sababbin fil da ya jiƙa a ruwan gishiri har suka yi tsatsa. Ya dubi hoto ya maƙala, ya dubi hoto ya maƙala. Sannan ya ɗora ƙaramar tukunya a kan risho na lantarki, ya zuba ganyen shayi da yawa ya bar shi ya dahu har ya yi baƙi. Mutum ne mai fara'a, har ya tambaye ni ko zan sha kafin ya ƙara masa wani gari. Na ce na gode. Ya ɗauki buroshi ya tsoma, ya shiga zana jinin Anti a ƙirjin rigar, yana karkata kai yana duba ko ya yi daidai. Na tambaye shi ko za su rubuta wa mutane cewa shayi ne. Ya ce mutane ba dogon bayani suke zuwa nema ba, so suke su ji wani abu a ransu. Na juya wajen mai tabarau, ta ce masu zauren ne suka yanke haka, idonta a kan takalminta. Na cire safar na ajiye musu a kan tebur na fita. Ban gaya wa 'yata wannan ba, na ce mata dai na warware ɗinkin.

Ranar buɗe nunin 'yata ta matsa sai mun je tare. Zauren ya cika. Ga tsofaffin maza masu furfura da baƙaƙen rigunan fata masu tsada, kofin giya a hannu, suna ba juna labarin zamanin da. Na riƙa bin fuskokinsu ina tambayar kaina wane ne a cikinsu ya tofa yawun, wane ne ya jefa kwalbar. A bakin ƙofa an kafa tebur ana sayar da riguna sababbi fil da inji ya yayyaga, kowace tsagarta a wuri ɗaya da ta 'yar'uwarta, mutane suna layi.

Rigar tana tsakiya, cikin akwatin gilashi, an sanya wa wani gunki marar kai, fitila tana haska ta daga sama. Tsagar ƙirji a wangale. Sai da na riƙe gyalena da ƙarfi don kada in cire in yafa wa gilashin.

Amma ba zan ɓoye abin da na gani ba. 'Yan mata ne suka kewaye akwatin, da yawa, farare da baƙaƙe, wata da koren gashi, wata da ɗankwali, wata da jita rataye a baya.  Sun tsaya tsit yadda muke tsayawa in za a yi addu'a. Jitocin mazan suna can jikin bango, ba mai kallonsu sosai.

'Yata ta ja ni muka kutsa har gaba. Ta daɗe tana kallo, sai na ji ta kama hannuna. Ta nuna ƙirjin rigar da haɓa, hawaye yana bin kumatunta, amma fuskarta a sake, irin sakewar da ban gani ba tun ranar da na nuna mata aikina.

"Momi, duba," ta ce a hankali. "Ashe bai fita duka ba. Jininta ya fi ƙarfin sabulunki."

Na dubi tabon. Na san tukunyar da aka dafa shi a ciki. Na dubi 'yata, na dubi sauran 'yan matan. 

Na ce, "Haka ne, bai fita ba."

Ta ƙara matse hannuna, ni kuma na tsaya a cikinsu muna kallon shayi.